Sammaci Ya Iso, Mai Shi Yana Cin Rani

Takardar ba ta fi tafin hannu biyu ba. A samanta akwai sunan Jamhuriyar Nijar da na kotu, a tsakiya sunan mutum da na mahaifinsa da na ƙauyensu, sai rana da sa'ar da ake nemansa, can ƙasa kuma hatimi da sa hannun da ba ya karantuwa. Duka da Faransanci aka rubuta. Daga kotun Magarya takan bi ta hannun jandarma ko ta fadar sarki, dogari ya kai wa mai gari, mai gari ya aiki yaro da ita gidan da ake nufi. In damina ce, mai sunan yana gona, sai a kira shi. In kuwa bayan kaka ne, an ɗaure gero an zuba a rumbu, an kakkaɓe riɗi an sayar, to yana iya kasancewa a Kano yana ga-ruwa, ko a Legas yana gadi, ko ya haura Agadas ya nufi Aljeriya ko Libiya. Matarsa ta karɓa hannu biyu, ta naɗe a leda, ta cusa ƙarƙashin kwanukan jere. Ran da ya bugo waya ta ce masa an kawo wata takarda daga jastis. Ya ce a ajiye sai ya dawo.

Ranar da aka rubuta ta zo ta wuce. A zauren kotu an kira suna, ba wanda ya amsa, magatakarda ya rubuta abin da zai rubuta. Maganar da wataƙila tara ce za ta kashe ta, daga nan take fara girma.

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, kafaɗa da kafaɗa da Katsina da Jigawa. Da can gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka yanke Dungas ta tsaya da ƙafarta tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a Magarya, sama da 350,000 a Dungas, kuma yau sun haura haka nesa ba kusa ba. Ƙasa ce mai cunkoso, gonaki sun tsuke, gado yana ta rarraba su, burtali yana ta shigewa cikin shuka. Wurin da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan ba a rasa ƙara, kuma ba a rasa tafiya neman abinci. Matsalar ita ce sau da yawa mutum ɗaya ne ake ƙara kuma shi ne ya tafi.

Ga kuma iyaka a bakin ƙofa. Mutumin Magarya ya bi ta Tinkim ya faɗa Babban Mutum, na Dungas ya kora dabbarsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo da yamma. Naira tana yawo a kasuwannin yankin tare da sefa. Tsakanin 1906 da 1908 ne ayarin Tilho Bafaranshe da O'Shee Baturen Ingila suka bi suna kafa turakun iyakar, suka raba dangi gida biyu. Wani masani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a Yekuwa ta ƙasar Magarya da 'Yardaje ta ƙasar Daura, ƙauyuka biyu maƙwabta, ya fitar da littafi a 1994 kan yadda layin nan ya sa rayuwarsu ta bambanta. Tun zamanin Nasara iyakar ta zama mafaka. A ƙarƙashin dokar talakawan mulkin mallaka, kwamanda yana iya jefa mutum kaso har kwana 15 ba tare da shari'a ba, ga aikin tilas, ga haraji, kuma ba a soke wannan tsari ba sai a 1946. A wancan lokaci, wanda ya ji ana nemansa a bariki ya kwashe iyalinsa cikin dare ya tsallaka ƙasar Ingilishi, dabara ya yi. Jikokinsa sun gaji tsoron, alhali abin da ake tsoron ya sauya kama. Yau gudun shi ne yake mayar da ƙaramar magana babba.

Ba kowace takarda mai hatimi ce takardar kame ba, kuma rashin bambance su yana jawo asara ta fuska biyu. Wani ya tsere wa abin da bai kai a tsere masa ba, wani ya raina abin da zai kwanar da shi a kaso. Kwanbokasiyon da jandarma ko 'yan sanda ke aikowa kira ne a zo a yi bayani, ko da yake wanda ya yi kunnen ƙashi ana iya zuwa a ɗauko shi da izinin mai gabatar da ƙara. Takardun alƙali kuwa, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961 bisa tsarin Faransa aka kuma yi mata babban gyara a 2003, ta kasa su huɗu. Akwai wadda ke cewa mutum ya zo da ƙafarsa rana kaza. Akwai wadda ke umurtar jami'an tsaro su je su kawo shi gaban alƙali. Akwai wadda ake rubuta wa shugaban gidan kaso cewa ya karɓi wanda ke hannu ya tsare. Ta huɗun ita ce mai nauyi: a neme shi duk inda yake a faɗin ƙasa, a kama shi, a kai shi gidan kaso. Alƙali mai bincike yana fitar da ita ne idan laifin na ɗauri ne, kuma wanda ake tuhuma ya gudu ko yana zaune a wajen ƙasa.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ke rutsawa da ɗan cin rani. Mai shayi a Sabon Garin Kano, wanda in ya hau mota da safe zai yi sallar la'asar a Bande ta ƙasar Magarya, a idon doka yana wajen ƙasa ne daidai da wanda ke Faris. Shi bai san yana gudu ba. Takarda ta ce yana gudu.

Yawancin abin da ke kai mutanen yankin gaban hukuma ba laifi ba ne ma a ma'anar doka. Rikicin iyakar gona ne, ko gado, ko aure, ko bashi. Irin waɗannan a fada suke farawa. Dokar karkara ta 1993 ta wajabta a fara gwada sulhu gaban sarakuna a rikicin ƙasar noma da kiwo, dokar sarautun gargajiya ta 2015 kuma ta tabbatar musu da ikon sasantawa. Ikon sasantawa ne kawai, sarki ba ya ɗaure kowa. In sulhu ya gagara, sai a rubuta takardar rashin daidaitawa a tura kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada, galibi malamai, su haska masa abin da al'adar masu shari'ar ta ce. Wanda ya ƙi zuwa irin wannan zama ba za a aiko a kama shi ba. Abin da zai same shi ya fi kamu daɗewa a jiki: za a saurari abokin shari'arsa shi kaɗai da shaidunsa, a yanke, shi kuwa ya dawo da ruwan farko da buhun iri ya tarar gonar tana da sabon mai ita.

Sai dai katangar da ke tsakanin shari'ar haƙƙi da ta laifi gajeriya ce. Ɓarnar gona magana ce ta diyya, har zuwa lokacin da aka ɗaga sanda aka fasa kan wani. Bashi magana ce ta biya, amma san da aka ba mutum ya turke ya sayar ya ci kuɗin, ko kuɗin saro riɗi da aka damƙa masa ya tafi da su, mai ƙara yana iya kai su a matsayin cin amana, wanda laifi ne na ɗauri. Mutane da yawa suna zaune da tunanin ai bashi ne, ba a ɗaure mutum don bashi, ba su san takardar da aka shigar ba ta kira shi bashi ba.

To me ke faruwa in an kira shari'ar laifi mutum bai zo ba? Alƙali yana iya ɗage zama ya sa a sake aikawa, yana iya sa a kawo shi, yana kuma iya yanke hukunci a bayan idonsa. A nan akwai bambancin da ya kamata kowane mai gari ya haddace. Idan sammacin bai shiga hannun mutum ba, kuma babu shaidar ya san da shi, hukuncin da aka yi masa na wanda bai ji kira ba ne. Doka ta ba shi damar ƙin amincewa da shi, kuma da zarar ya yi haka cikin wa'adi, hukuncin ya rushe, kotun da ta yanke shi za ta sake sauraren maganar daga tushe, yana tsaye yana kare kansa. Idan kuwa an damƙa masa takardar hannu da hannu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sannan ya ƙi zuwa ba da wani uzuri karɓaɓɓe ba, ana ɗaukar shari'ar tamkar da shi aka yi. Wannan ƙofa ta rufe masa, saura ɗaukaka ƙara, wadda ke nufin Damagaram, da kuɗin mota, da jira.

Wa'adin duka biyun gajere ne. A dokar Faransa da aka kwaikwayo, ƙin amincewa kwana 10 ne ga mazaunin ƙasa, wata ɗaya ga wanda ke waje, ana lissafi daga ranar da aka sanar da shi hukuncin. Don haka tambayar farko da mutum zai yi wa magatakarda ita ce kwana nawa suka rage masa. Kuma damar sau ɗaya ce. Wanda ya ƙi amincewa, aka sa masa sabuwar rana ya sake ɓacewa, hukuncin farko ya dawo ya zauna daram.

Hukuncin ɗauri da takardar kamen da ke tare da shi sukan yi shekaru suna aiki. Kamar ƙaya ce da ta karye a tafin ƙafa, fata ta rufe, mutum ya manta, sai ran da ya taka dutse. Dutsen yana iya zama shingen jandarma a hanyar Damagaram, ko wata sabuwar rigima da ta kai shi birgad, ofishin jandarma, aka duba suna, ko abokin gaba da ya hango shi a kasuwa ya je ya tsegunta. Wani kuma sai ya je neman kaziye, takardar da kotun wurin haihuwar mutum ke bayarwa don nuna ko an taɓa ɗaure shi, saboda zai shiga jarrabawar ɗaukar aiki ko zai tsaya takarar kansila, a nan zai fara jin an taɓa yi masa shari'a.

Manya ma ba su tsira ba, kuma labarinsu ne ya fi fitowa fili. A watan Agustan 2014, Hama Amadu, yana shugaban majalisar dokokin Nijar, ya bar ƙasar ya tafi Faransa bayan an buɗe hanyar tuhumarsa a shari'ar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya. Shi da magoya bayansa sun dage cewa bi-ta-da-ƙulli ce ta siyasa, kuma bai taɓa amsa laifin ba. Ba gaskiyar tuhumar ce abin dubawa a nan ba, yadda takarda ke jira ne. An fitar da umurnin kama shi. Ya yi sama da shekara a waje, ya sauka filin jirgin Yamai ranar 14 ga Nuwamba 2015, daga nan aka wuce da shi gidan kason Filinge. Yana tsare ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016 ya zo na biyu, aka fitar da shi Faransa jinya a watan Maris na shekarar. A Maris 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke masa shekara ɗaya ba ya nan. Ya dawo a Nuwamba 2019, ya kai kansa Filinge da ƙafarsa don ƙarasa wa'adin, ya fita a ƙarshen Maris 2020 cikin fursunoni 1,540 da aka yi wa sassauci saboda annobar korona. Hukuncin bai rabu da shi ba duk da haka, domin da shi kotun tsarin mulki ta kafa hujja ta hana shi takara a zaɓen ƙarshen 2020. Mutumin da ke da lauyoyi da jam'iyya da dubban magoya baya ke nan.

Mai ganin tsallaka iyaka ya isa kuwa, ya tuna da Abdulrashid Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho na Najeriya. Ana shari'arsa a babbar kotun tarayya ta Abuja kan kuɗi kimanin naira biliyan 2, aka ba da belinsa, Sanata Ali Ndume ya tsaya masa kan naira miliyan 500. Sai ya daina zuwa. Ranar 18 ga Nuwamba 2020 Mai Shari'a Okon Abang ya soke belin ya ba da umurnin kama shi, ya ce a ci gaba da shari'a ko ba ya nan, abin da dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta yarda da shi. Kwana biyar bayan haka aka tura Sanata Ndume gidan yarin Kuje saboda ya kasa kawo wanda ya tsaya wa, ya yi kwanaki a ciki kafin a ba da nasa belin. Shi kuwa Maina a Yamai aka cafke shi ranar 30 ga watan, aka mayar da shi Abuja ranar 3 ga Disamba, kuma a Nuwamba 2021 aka yanke masa shekara 8. Gaskiya ne ba za a tayar da 'yan sandan ƙasa da ƙasa saboda akuya biyu ba. Amma mai akuya biyu ba zai iya zama a waje har abada ba, gonarsa da uwarsa da kabarin ubansa suna wannan gefen.

Abin da ya sami Ndume darasi ne ga kawu ko mai garin da ke saurin cewa "ranka ya daɗe, ni na tsaya masa." A ƙa'idar doka ta ƙasashen biyu laifi na mai shi ne, ba a kama uba don ɗa ko mata don miji, har dokar Najeriya ta 2015 ta rubuta haramcin haka ƙarara. Wanda ya sa hannu ya ɗauki nauyi kuwa ya shiga da kansa. Ko ba sa hannu, tsohon da ake ta kira birgad ana tambayarsa ina ɗansa, yana asarar yini da kuɗin kabu-kabu, shi ke biyan rabin kuɗin gudun.

Hanyar fita tana farawa daga karanta takardar ranar da ta zo. Babu ƙauyen da ya rasa malamin makaranta ko ɗan kwaleji ko ma'aikacin asibiti mai jin Faransanci, kuma yanzu ana iya ɗaukar hotonta a tura wa mai ita ta WhatsApp. Abin da ake son sani shi ne wa ya aiko, wace rana, kuma a matsayin wa ake kiran mutum: wanda ake tuhuma, ko shaida, ko mai ƙara. Shaida ma in ya ƙi zuwa ana iya cin sa tara ko a sa a kawo shi, abin da ke ba mutane mamaki ƙwarai, don suna ganin ai su ba su yi komai ba. In ranar ba za ta yiwu ba, a rubuta wa shugaban kotu wasiƙa tun kafin ta zo, a faɗi dalili, a haɗa da shaida, takardar likita ce ko wani abin da ke nuna mutum yana nesa, a roƙi a ɗage. Ɗan'uwa ya kai ofishin magatakarda, ya riƙe kwafi, ya roƙi a buga masa hatimi a kai. Alƙali ne ke da ikon karɓar uzuri ko ƙin sa, amma fayil mai wasiƙa a ciki da fayil ɗin da ba kowa ba motsi, ba iri ɗaya ake kallonsu ba.

In rana ta riga ta wuce, gara a fara aika wani mai hankali ya je ya tambayo inda magana ta kwana: an ɗage ne, an yanke ne, ko an fitar da takardar kame. Daga nan mutum ya shirya ya je da kansa. Masu sanin kan abin sukan ba da shawarar a je da safe a farkon mako, kada a je Juma'a da rana, domin in aka ce a dakata sai alƙali ya samu sarari, Asabar da Lahadi a ciki za a yi su. Ya tafi da katin shaidarsa, da takardar da aka aiko ko ta yi datti, da duk abin da ke nuna inda yake a ranar da aka neme shi, da wani dattijo da aka sani wanda zai ce ga gidansa ga gonarsa. Ba wanda zai yi masa alkawarin zai kwana gida. Ana iya tsare shi, shi kuma yana da damar neman sakin talala kafin shari'a. Abin da alƙali ke aunawa a nan shi ne ko mutumin zai dawo in an sake shi, kuma wanda ya shigo da ƙafarsa ya riga ya amsa rabin tambayar. Wanda aka sauko da shi daga motar kasuwa da ankwa ya amsa ta ta ɗaya gefen. A ƙasar da fiye da rabin mutanen da ke gidajen kaso jiran shari'a suke yi, wannan bambanci yana iya zama na watanni.

Wurin da ake cin kuɗin mutane shi ne bakin ƙofar kotu. Ba a rasa mai babbar riga da zai ja mutum gefe ya ce ya san na ciki, a kawo jaka hamsin a kashe maganar. Takardar kame alƙali ne ya sa mata hannu, shari'a ce kawai ke ɗage ta, a rubuce. Jandarman da ya kau da kai yau bai goge komai ba, gobe wani ne a shingen. Duk kuɗin da doka ta sa a biya, tara ce ko kuɗin ajiya na beli, ana ba da takardar shaidar biya. Kuɗin da ba takarda sun tafi.

Wani kuskuren ya fi wannan yawa, kuma mutanen kirki ne ke yin sa. An yi faɗa, an ji rauni, magana ta je jandarma ta wuce kotu. Kafin ranar zama dangi suka taru a fada, aka ba da haƙuri, aka biya kuɗin magani, aka yi fatiha, kowa ya ce magana ta mutu. Ba wanda ya je kotu. A wurin mutanen gari ta mutu, a wurin mai gabatar da ƙara tana nan, domin a yawancin laifuka janyewar mai ƙara ba ta tsayar da tuhuma. Sulhun yana da amfani matuƙa, alƙali yana iya sassautawa saboda shi, amma sai an ɗauke shi an kai masa. A roƙi sarki ya sa a rubuta, ɓangarorin biyu su je tare ranar da aka sa.

Lauya fa? Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Wata ƙa'ida ta ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ta 2014 ta ba mutum damar samun lauya tun daga lokacin da aka kama shi, kuma tsarewar bincike a hannun jandarma kan laifuka na yau da kullum sa'a 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya da izinin mai gabatar da ƙara. Amma dama a takarda ba ta kawo lauya Guci. Don cike wannan giɓi ne aka kafa hukumar ANAJJ da dokar Disamba 2011, mai ba da shawarar shari'a kyauta da taimaka wa marasa hali, da ofisoshi a manyan kotuna, ciki har da ta Damagaram. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, wadda ke aiki tun 1991, ita ma ta daɗe tana wayar da kai kan irin wannan. Mutanen ƙauye kaɗan ne suka san da su, kuma wannan laifin ba na mutanen ƙauye ba ne.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Ba duk wanda ya daina zuwa kotu ne ya fara da ƙin zuwa ba. Wani ya zo sau uku, kowane zuwa ya biya kabu-kabu ta cikin rairayi ko laka, ya yini a gindin bishiya, a ƙarshe aka ce an ɗage saboda mai ƙara bai zo ba ko fayil bai kammala ba. Sabuwar ranar da baki aka faɗe ta, cikin hayaniya, tafinta ya juya ta da sauri. Zama na huɗu ya faɗo tsakiyar noman farko, ya auna ciyawar da ke cin geronsa da zaman da wataƙila a sake ɗagewa, ya zaɓi gona. Wani kuma rufe iyaka ne ya tare shi, irin wanda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, lokacin da hanyar mota ta koma ta daji da tsada. Ga kuma rikicin suna. Mutumin da duk gari ke kira Tanko ko Ɗanladi, takarda ta zo da sunan yankansa da na ubansa, sunayen da mutum biyar ke amsawa a unguwa ɗaya, shekarar haihuwa kuma an rubuta "wajajen" kaza. Takarda takan faɗa gidan da ba nata ba, kamu ma haka.

Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne. A birnin New York na Amurka, inda kowa ke da adireshi da agogo, dubban mutane ne ke tsallake ranar kotu kan ƙananan laifuka a kowace shekara. Wasu masana uku, Fishbane da Ouss da Shah, sun wallafa bincike a mujallar Science a 2020 kan abu biyu masu arha da aka gwada a can. An sake fasalin takardar sammacin, aka ɗauko rana da wuri da abin da zai biyo bayan rashin zuwa aka sa su a sama inda ido zai fara sauka, rashin zuwa ya ragu da kashi 13 cikin ɗari. An riƙa tura saƙon tunatarwa ta waya, ya ragu da kashi 21. Sun ƙiyasta cewa an kauce wa takardun kame wajen 30,000 cikin shekara uku. Ashe da yawa daga waɗanda ake ɗauka masu taurin kai ne, mantuwa ce da ruɗewa.

Magarya ba New York ba ce, saƙon rubutu ba zai yi aiki ga wanda ba ya karatu ba. Kiran waya zai yi, saƙon murya zai yi, kuma ɗan cin rani ko ba shi da komai yana da waya. Magatakardan da ya rubuta lambar mutum da ta wani ɗan'uwansa tun ranar farko, ya rubuta laƙabinsa kusa da sunan yanka, ya kuma miƙa masa sabuwar rana a guntuwar takarda duk lokacin da aka ɗage zama, ya rage wa jandarma tafiya da mai. Gidajen rediyon karkara da ke sanar da ɓatan dabba da ranar allurar rigakafi suna iya bayyana bambancin kwanbokasiyo da takardar kame. Kuma tun da kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, babu abin da zai hana a buga bayan takardar sammaci da Hausa, da boko da ajami, a faɗi rana da wuri, da abin da mutum zai yi in ba zai samu zuwa ba. A ƙauyukan Waca da Sasumburum na ƙasar Magarya masu karanta ajami ba su da wuyar samu, kowace makarantar allo akwai su.